Acca Mai Jan Kara

Mijina Jethro ya rasu a watan Maris na shekarar tamanin da shida, kafin ruwan fari ya sauka. Tari ne ya ɗauke shi. Ya daɗe yana aiki a wata masaƙa a Kakuri, a ɓangaren da ƙurar auduga ke tashi, har ƙirjinsa ya cika. Ba labarin ciwonsa zan rubuta ba, wannan ba zan iya ba. Labarin tulun da ke ƙarƙashin gadonmu ne zan bayar.

Tulu ne ƙarami na ƙasa, an liƙe bakinsa da laka. A cikinsa akwai irin acca, ba a surfe ba, an cakuɗa shi da toka saboda ƙwari. Ba farar accar kasuwa ba ce. A yarenmu tana da sunanta, amma da Hausa mai jan kara muke ce mata, don idan ta kusa fitar da kai, karanta yana yin ja daga ƙasa. Ƙwayarta ma tana da ɗan ja, kuma idan ana dafa ta ƙamshinta kamar ana soya riɗi. Tana nuna da wuri, lokacin da rumbu ya ƙare kuma dawa ba ta ko yi ciki ba. Uwar Jethro ce ta ba shi ita a ƙulle cikin tsumma ranar da zai baro ƙauyenmu, can bayan Zonkwa, ya zo Kaduna neman aiki.

A gidan haya muke zaune a Kakuri, ba mu da filin ko tafin hannu. Amma Jethro ya samu wani ɗan gefen daji a Mahuta, kusa da rafi, da ba wanda ya kula da shi a lokacin. Duk damina, idan ya tashi daga aiki, sai ya hau kekensa ya nufi can. Ranar Asabar ni ma ina binsa. Da muka fara zuwa wurin, akwai ɗorawa da kaɗanya da ɗinya, gwandar daji kuwa sai ka ci ka bar ta. Makwarwa na tashi daga ƙarƙashin ƙafarka har gabanka ya faɗi. Daga baya masu gawayi suka shigo, sai masu bulo suka biyo su. Wata shekara muka je ba ɗinyar nan. Wata shekara muka yi damina guda ba mu ji kukan makwarwa ba.

Jethro yana da aboki a masaƙa, Malam Mamman, mutumin Makera, mai yawan barkwanci. Duk sanda ya zo gidanmu ya tarar da Jethro yana murza kan acca da ƙafa a kan tabarma, sai ya riƙe baki.

"Kai Jatau," don haka yake kiransa, "wannan abincin tsuntsu za ka kashe kanka a kai? Ga masara ta gwamnati, ka watsa mata taki ka koma ka kwanta."

"Shekarar da ruwa ya ɗauke, ina masarar taka ta shiga?"

"Ta tafi hutu."

"To tawa ba ta je hutu ba. Kai ma ka ci, har ka nemi ƙari."

"Na ci don kada Maman Eunice ta ji kunya ne."

Ni ce Maman Eunice. Gaskiya Jethro ya faɗa. A shekarar tamanin da uku ruwa ya tsaya da wuri, masarar mutane ta bushe a tsaye, amma mai jan kara ta riga ta nuna. Jethro yakan ce kowane iri da abin da ya iya. Wani ya iya fari, wani ya iya ƙasa mai tsakuwa, wani tsutsa ba ta sonsa. Idan kowa ya koma shuka abu guda, ranar da ciwon abin nan ya zo, kowa ya kwana da yunwa. Kuma iri ba kamar kwano ba ne da za ka ajiye ka manta. Idan ya daɗe a tulu mutuwa yake yi. Dole ya shiga ƙasa ya fito sabo.

Ana cikin kaka ta shekarar tamanin da biyar, yayan Jethro, Baba Tagwai, ya zo daga ƙauye. Na yi masa faten acca da yakuwa da gauta. Ya kai cokali baki sai ya tsaya, ya dubi kwanon.

"Matarmu, a ina kika samo wannan?"

"Ta ƙanenka ce, Baba. Wadda mahaifiyarku ta ba shi."

Ya ajiye cokalin. Ya ce mana a ƙauye babu ita. Samari sun daina shuka ta saboda wahalar surfe, tsofaffin da suka riƙe ta kuma yunwar bayan fari ta sa suka cinye har irin, suna cewa za su samu a wajen maƙwabta. Da ruwa ya dawo kowa ya je gidan ɗan'uwansa, kowa ya tarar da tulu wayam. Ya ce ya tambaya a kasuwar Zonkwa, ya aika har wajen dangin matarsa, babu.

Jethro ya ce masa ya ɗibi irin ya tafi da shi. Baba Tagwai ya ce daga nan Zariya zai wuce wajen ɗansa, kuma a bayan babbar mota, kada ruwa ya taɓa shi a hanya.

"Idan ka zo bikin Ista ka taho da shi. A raba wa gidaje a gaban kowa, kada a ce na ɓoye."

A wannan shekarar gonar ba ta ba da yawa ba, don an riga an kafa turakun masu gini a rabinta. Bayan faten Baba Tagwai ba mu ƙara ci ba. Duk abin da ya rage Jethro ya zuba a tulu, ya liƙe. Ista ta zo ta same shi a kabari.

A wajenmu, macen da mijinta ya mutu ba ta tashi. Ana shimfiɗa mata tabarma a ɗaki, ta zauna, mutane su shigo su gaishe ta su fita. Ba ta taɓa tukunya, ba ta ɗebo ruwa. Kuma ba a tambayarta komai. Abin kunya ne a ce wa mai makoki ina gishiri, ina mai. Matan da suka zo taimako su ne masu gida, duk abin da suka gani na ci su buɗe su dafa wa baƙi. Al'ada ce mai kyau, ni ma na yi wa wasu.

Shugabar zumuntar mata ta cocinmu ita ce Mama Celina, tana zaune a unguwar Television. Mace ce mai ƙiba da babbar murya, ba ta iya ganin aiki ta wuce. A kwatas ɗin 'yan reluwe aka haife ta, a nan Kaduna, ba ta taɓa riƙe fartanya ba. Yawancin matan da ke tare da ita haka suke, 'yan gari ne. Ranar jana'iza mutane sun fi yadda aka zata. 'Yan masaƙa sun zo, 'yan coci sun zo, motar ƙauye kuma tana hanya. Aka fitar da gado da akwatuna daga ɗakin kwananmu don baƙi su samu wurin zama, ni kuma aka kai ni ɗakin maƙwabciya.

Daga inda nake zaune na ji taɓarya tana sauka a bayan gida, hannu biyu ko uku, suna karɓa-karɓa. Na ji su sarai. Na ɗauka masara suke surfawa. Hankalina ba ya jikina, ina kallon takalman mutane a bakin ƙofa ina neman na Jethro a ciki.

Da la'asar Mama Celina ta shigo da kwano a rufe, ta durƙusa a gabana.

"Maman Eunice, tun jiya ba ki sa komai a ciki ba. Ko cokali biyu ki yi, don Allah."

Ta ɗaga murfin. Ƙamshin riɗi ya cika ɗakin.

Ban san lokacin da na riƙe hannunta ba. "Mama, wannan daga ina?"

"Ai Ubangiji ne ya rufa mana asiri. Shinkafa ta ƙare, ga mutane. Sai muka ga wani tulu da aka janye gado. Kai, amma mun sha wuya! Duk toka ce a ciki, ban san yadda aka yi ta shiga ba. Sai da muka bakace, muka surfa, muka wanke har ruwa ya fita fari. Kowa sai santi yake, har fasto ya ce a ƙara masa."

"Duka?"

"Duka mana. Ai bai ma isa ba."

Na miƙe. Matan da ke ɗakin suka ce, "A'a, a'a, zauna!" Na ture hannunsu na fita ba ɗankwali. Tsakar gida cike da mutane, kowa da kwano a cinya, aka daina waƙa ana kallona. Na zagaya bayan gida. Ga tulun a kife, bakinsa a fashe. Ga turmi. Kajin maƙwabta sun taru a wurin suna tsattsaga. Na kore su, na durƙusa, na fara tara ƙaiƙayi da toka da ƙasa da hannuna ina zubawa a zanena.

A daidai lokacin mutanen ƙauye suka iso. Baba Tagwai ya biyo ni bayan gida ransa a ɓace.

"Matarmu, me ke nan? Mijinki ko kwana bai yi a ƙasa ba kina wasa da shara a gaban mutane? Koma ki zauna."

Sai na nuna masa tulun. Ya ɗauke shi, ya leƙa ciki, ya shafa da yatsa ya sansana. Ya daɗe a tsaye. Sai tsohon nan ya cire hularsa, ya durƙusa kusa da ni, ya fara tara ƙasar yana zubawa a cikinta.

Mama Celina tana bayanmu tana tambaya, "Me ya faru? Ni me na yi? Ku gaya mini mana!" Wata tsohuwa daga ƙauye ta ce mata, "Tulun da aka liƙe da laka, da toka a ciki, ba a buɗe shi. Iri ne. Uwarki ba ta gaya miki ba?" Da ta gane, sai ta ɗora hannu a kai ta zauna a ƙasa. Ba wanda ya zage ta. Da me za a zage ta? Baƙin mijina ta ciyar.

Abin da muka tara bai cika ƙwarya ba, kuma kusan duka shara ne. Accar da aka surfa ba ta tsira. Fatanmu kawai ƙwayoyin da suka tsallake daga faifai kafin su shiga turmi. Ƙwayar acca kuwa ƙanƙanta gare ta kamar yashi, ba za ka iya tsince ta daga ƙasa ba. Baba Tagwai ya ce kada in yi ƙoƙarin rabawa, in yafa duka yadda yake idan ruwa ya zauna.

Da na fita daga makoki, ruwa ya sauka, na ɗauki ƙwaryar na tafi Mahuta. Na tarar an haƙa tushen gini a inda muke shuka. An zuba yashi a kan sauran. Kututturen ɗorawar da muke jingina keke yana hayaƙi. Na tsaya ina kallo har wani magini ya ce, "Madam, wa kike nema?" Na ce ba kowa, na juyo.

A hanyar dawowa na haɗu da Mama Celina a tashar motar Television. Tun ranar nan take guje mini, ko a coci ba ta haɗa ido da ni. Ta ga ƙwaryar a kaina, ta ga fuskata.

"Akwai wuri a bayan ɗakina," ta ce a hankali. "Inda nake shanya. Ba girma, amma ƙasa ce."

Wurin bai fi tabarma biyu ba, tsakanin bango da kwata. Na kafta shi da fartanyar Jethro, na yafa abin da ke ƙwaryar, na ja reshe a kai. Mama Celina ta kewaye shi da tsohon langa-langa da ƙaya. Ta sayar da kajinta duka. Ta yi faɗa da maƙwabciyarta a kan akuya har sai da mai unguwa ya shiga tsakani.

Abu ya tsiro, kore shar, ya rufe wurin. Mama Celina ta zo har Kakuri da gudu tana haki.

"Sun fito! Maman Eunice, sun fito da yawa!"

Na je na durƙusa na duba. Akwai wata ciyawa da ake kira harkiya, tana fitowa ko'ina a bayan gidaje. Idan tana ƙarama ba ta da bambanci da acca. Jethro yana gane su da taɓawa, ni ban taɓa iyawa ba, shi ke yin cirar fari kullum. Ƙasar da muka tara a bayan gidanmu cike take da irin harkiya. Idan na cire, ina iya cire accar. Idan na bari, harkiya ta shaƙe ta.

"To yanzu yaya?" in ji Mama Celina.

"Sai mun jira kara ya yi ja."

Muka jira. Kullum bayan na sauke tukunyar ƙosai da nake sayarwa a ƙofar masaƙa, sai in hau mota in je. Mu durƙusa mu biyu muna buɗa ganye muna duba gindin kowane tsiro. Ita da ƙibarta, idan ta durƙusa sai na ja ta kafin ta tashi. Wata rana Malam Mamman ya raka ni ya gani. Ya tsaya hannu a baya, bai yi barkwanci ba.

"Allah ya jiƙan Jatau," ya ce. "Ya sha ce mini in karɓi ko cikin hannu in ba surukina a Rigachikun ya shuka. Na ce wa zai surfa masa. Abu a hannun mutum ɗaya, a tulu ɗaya." Ya girgiza kai. Kashegari ya aiko da tsohuwar ragar kamun kifi, ya ce mu rufe saboda tsuntsaye.

Mama Celina ce ta fara gani. Ta kira ni da sunana na yanka, abin da ba ta taɓa yi ba. "Juliana, zo. Wannan ja ne ko idona ne?" Ja ne. Muka bi wurin kaf. A cikin duk koren nan, waɗanda suka yi ja ba su kai yatsun hannuwana ba. Muka cire harkiyar da ke kewaye da su ɗaya bayan ɗaya. Da muka gama, wurin ya zama fili, ga 'yan tsirarun nan a tsaye, sirara, iska tana kaɗa su.

Wasu ruwan kwata ya kwantar da su da aka yi ruwa mai ƙarfi. Ɗaya tsutsa ta yanke. Sauran suka fitar da kai. Ban yi amfani da lauje ba, da almakashi na yanke su, na murza a tafin hannu a kan farin zane. Abin da ya fito bai cika kwalin ashana ba.

Na raba shi uku, don kada ya sake zama a wuri ɗaya. Kashi ɗaya na kai wa Baba Tagwai da kaina. Kashi ɗaya Malam Mamman ya kai wa surukinsa. Na ukun na bar wa Mama Celina.

Na Rigachikun shanu suka shiga suka cinye tun yana ɗanye. Baba Tagwai ya shuka nasa a bayan ɗakinsa, amma ya kwanta ciwo a tsakiyar damina bai tashi ba. Matan 'ya'yansa suka ga ciyawa ta yi tsawo inda za a kafa rumfar makoki, suka nome wurin tas. Da na je gaisuwa na zagaya bayan ɗakin, na tarar an share, an yayyafa ruwa, an jera benci.

Saura na Television. Mama Celina ta koyi gane harkiya da taɓawa, abin da ni har yau ban iya ba. Kowace shekara muna samun abin da ya kai gwangwanin madara, wata shekarar ya ɗan fi, wata ya kasa. Mun bi mutane da shi a coci da kasuwa, a ƙulle a leda. Wasu su karɓa don kunya, in ka tambaye su daga baya su ce ɓera ya ci. Matasa kuwa sai su tambaya ko ana sa mata taki, ko buhu nawa take bayarwa. 'Yata Eunice tana Legas da mijinta, a bene suke zaune.

Bana mai gidan da su Mama Celina ke haya ya sauke bulo a bakin wurin. Ya ce shago zai yi, amma ya yarda ya bari sai mun girbe. Mun girbe. Irin yana cikin sabon tulu a ɗakin Mama Celina, da toka, an liƙe bakinsa. Ta sa an rubuta a jikinsa da jan fenti cewa kada a buɗe, kuma ta tara matan zumunta ta gaya musu ko ranar mutuwarta wadda ta taɓa shi ba ta yafe ba. Suka yi dariya, ita ba ta yi ba. Har yanzu ba mu samu inda za mu yafa shi baɗi ba. Ta ce idan ya kama, a tsofaffin bahon wanka za mu shuka.

Tun ranar jana'iza ba wanda ya ƙara cin mai jan kara, ba ta taɓa yawan da za a dafa ba. Mutanen da suka ci a ranar har yanzu wasu suna tare ni su ce ba su taɓa cin fate mai daɗin na makokin Jethro ba. Ni ban ci ba. Kwanon da Mama Celina ta kawo mini yana nan a kan tabarma lokacin da na fita, da na dawo an riga an ɗauke.